Tsohuwar murya ba ta neman tausayi

A watan Nuwamba na 2016 kamfanin Domino ya fitar da Lodestar, kundin waƙoƙin Shirley Collins, mawaƙiyar gargajiya ta Ingila, tana da shekara 81. Rabonta da sabon kundi tun 1978. Muryarta ce ta ɗauke bayan mutuwar aurenta da mawaƙi Ashley Hutchings, ta daina waƙa ta kama wasu ayyukan don rufin asiri. Da ta dawo, masu sharhi a jaridun Birtaniya suka yi mata ruwan yabo.

Yabon ya dace. Amma wannan salon sharhin yana ba ni haushi, kuma ya zama yayi duk lokacin da tsohon mawaƙi ya dawo fage. Rabin rubutun sai ya ƙare a kan labarin ɓacin rai, shekarun shiru, da yadda mawaƙi David Tibet ya yi ta lallashinta har ta hau dandamali a Landan a 2014. Labari ne mai taɓa zuciya, gaskiya. Sai dai idan aka cika shi, yabon yakan koma kamar sannu da ake yi wa majinyaci.

Alhali kundin yana da abin faɗa. Muryarta ta sauko ƙasa, ta yi kauri, tana ɗan rawa a ƙarshen layi, kuma ba ta ɓoye hakan ba. A cikin gidanta na garin Lewes aka naɗi waƙoƙin. Saurari Cruel Lincoln, tsohuwar waƙar kisan gilla: tana ba da labarin zubar da jini cikin sanyin murya, tsuntsayen lambunta na kuka a baya. Da muryar ƙuruciyarta ta rera ta, da zaƙin ya rage wa labarin nauyi. Matar da ta bi mai tattara waƙoƙi Alan Lomax zuwa kudancin ƙasar Amurka a 1959 suna naɗar waƙoƙin talakawa ta san cewa waƙar gargajiya ba ta son ƙwalisa.

Daga baya ta fitar da kundin Heart's Ease a 2020, sannan Archangel Hill a 2023. A lokacin labarin dawowa ya tsufa, dole aka auna ta da aikinta, kuma ta tsaya da ƙafarta. Wanda zai saurari Lodestar, ina ba shi shawara ya fara da waƙoƙin, ya bar tarihinta sai daga baya.