Tukunya da Sunanta: Aikin Gidan Adana Kayan Fasaha na Jami'a

Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa gidan adana kayan fasaha na jami'a yana da nauyin da ya wuce ajiya da baje koli, kuma wani ɓangare na nauyin yana wuyan masana harshe ne. Ayyukan Ladi Kwali sun isa misali.

Ladi Bagwariya ce daga Kwali, garin da ke maƙwabtaka da Gwagwalada. A shekarar 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta wancan zamani, wato Suleja ta yau. Can aka riƙa shafa wa tukwanenta ruwan ƙyalli ana gasa su a tanderu mai tsananin zafi, har suka yi nauyin da bai dace da ɗaukar ruwa ba. Tulu ya tashi daga kayan aiki ya koma abin kallo. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma wasu ayyukanta suna ajiye a Jami'ar Aberystwyth ta ƙasar Birtaniya.

Matsalar tana ga takardar bayanin da akan liƙa a gefen kayan. Akasari sunan magini da shekara da irin yumɓu kawai take ɗauka, sannan kalmar Ingilishi guda ta haɗiye komai. Alhali kuwa Bahaushe ya bambanta tulu da randa, ya bambanta kwatarniya da kasko, domin kowanne da siffarsa da amfaninsa. Gwarawa ma suna da nasu sunayen, da sunayen matakan gini, da abin da suke faɗa game da kunama da ƙadangare da kada waɗanda Ladi ta saba zanawa. Wanda ya adana tukunya ya bar waɗannan kalmomi, rabin aiki ya yi. Rabin da ya bari kuwa shi ne mai saurin salwanta, tun da yumɓu ya fi magini tsawon rai.

A nan ne gidan jami'a ya bambanta da na gwamnati, domin sashen harsuna yana kusa da shi. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, ta fara zama ne a Gwagwalada, ƙaramar hukumar da Paikon Kore ke cikinta. Ɗalibinta na harshe ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya zauna gaban dattijuwa da rikoda, ya ɗauki sunan kowace tukunya da karin sautinsa, a rubuta shi a saman takardar bayani, fassarar Ingilishi ta biyo a ƙasa.