Garayar Tinariwen da Abin da Ta Bari a Baya

Duk mai son sanin abin da ya hana arewacin Mali zama lafiya, ya saurari faifan Aman Iman na ƙungiyar Tinariwen, wanda ya fito a 2007. A cikinsa akwai waƙar Soixante Trois, wato 63, shekarar da Abzinawan Kidal suka fara tawaye wa gwamnatin Modibo Keita, shekara uku kacal bayan Faransa ta tattara komatsanta. A wannan tawayen aka kashe mahaifin Ibrahim Ag Alhabib yana ƙaramin yaro. Da ya girma, a Tamanrasset ya haɗu da abokansa wajen 1979, cikin samarin da farin shekarun 1970 ya ƙarar musu da dabbobi, ake kiransu ishumar, marasa aikin yi.

Ƙarfin faifan shi ne rashin hayaniya. Garaya na tafiya a hankali kamar raƙumi, murya ƙasa-ƙasa, tafi na biye. Ba ka buƙatar jin Tamashek kafin ka gane kukan mutanen da Bature ya raba tsakanin Mali da Nijar da Aljeriya da Libiya, ya kuma miƙa mulkinsu ga birane masu nisa. A ganina waƙar nan ta fi laccoci da yawa bayyana yadda jinin da ba a yi wa shari'a ba ke zama gado.

Sai dai faifan ciwon gida ɗaya ya ɗauko. Arewacin Mali akwai Songai da Fulani da Larabawa, akwai kuma zuriyar bayin Abzinawa masu nasu ƙorafin, kuma su ma yaƙin ya ci su. Turawan da suka ba ƙungiyar kyautar Grammy a 2012 sun fi son labarin bindiga da garaya da rawani, ba ruwansu da wannan. Shekarar ce kuma arewacin ya faɗa hannun masu iƙirarin jihadi, aka haramta kiɗan kansa.

Abin mamaki, a Tamanrasset ɗin nan aka sa hannu kan yarjejeniyar 6 ga Janairu 1991 tsakanin gwamnatin Musa Traore da 'yan tawaye, Iyad Ag Ghali na jagorantar ɓangare guda. Ba a cika wata uku ba aka kifar da Traore. Shi kuwa Iyad, a 2012 shi ne shugaban Ansar Dine.