Duwatsun Murhu Uku: Sharhi a kan Koyar da Muƙalar Kafa Hujja a Jami'a

Duk ɗalibin da ya ci jarrabawar bak a ƙasar Nijar yana shiga jami'a da kalmomi uku a bakinsa: tez, antitez, santez. Wato ya kawo ra'ayi, ya kawo kishiyarsa, sa'an nan ya sasanta tsakaninsu. Wannan tsari shi ne ƙashin bayan muƙalar da ake kira disertasiyo, wadda makarantun Faransa suka shigar cikin jarrabawarsu tun ƙarni na 19, mu kuma muka gaje ta tare da allo da alli. Daga lise har shekarun farko na jami'a, a Yamai ko Maraɗi, a Damagaram ko Tawa, da ita ake auna basirar yaro a darussan adabi da falsafa da tarihi. Abin da wannan sharhi yake son nunawa shi ne, yadda ake koyar da tsarin yana horar da ɗalibi ya cika gurabe uku, alhali abin da jami'a take bukata gare shi shi ne ya tsaya a kan magana guda ya kare ta.

Kafin suka, a ba tsarin haƙƙinsa. Yana tilasta wa yaro ya saurari abokin hamayya kafin ya yanke hukunci, yana kuma hana shi zuba magana barkatai. Wannan tarbiyya ce babba. Amma duwatsun murhu, ko da sun cika uku, aikinsu riƙe tukunya ne kawai. Abin da ke cikin tukunyar shi ake ci.

Aibi na farko yana cikin kashi na uku. A ɗauki tambayar da malamai suka saba bayarwa daga littafin Cheikh Hamidou Kane, L'Aventure ambiguë, na shekarar 1961: shin makarantar boko tana kashe al'ada? Ɗalibi zai cika shafi guda yana cewa e, ya cika wani yana cewa a'a, ya rufe da cewa kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, a ɗauki mai kyau a bar maras kyau. Wannan kammalawa ta dace da kowace tambaya a duniya, saboda haka ba ta amsa ko ɗaya ba. Santez ta zama mafakar mai tsoron furta ra'ayi, kuma da yake ana ba ta maki, yaro ya fahimci cewa rashin matsayi shi ne hankali.

Aibi na biyu shi ne ɗaukar maganar manya a matsayin hujja. Ɗalibi yakan haddace jimlolin marubutan Faransa ya yayyafa su cikin takarda, in kuwa da Hausa yake rubutu sai ya jawo karin magana. To, karin magana kowa tana yi masa aiki. Mai son a yi jinkiri zai ce sannu ba ta hana zuwa. Mai son gaggawa zai ce da sanyin safiya ake kama fara. Dukansu biyu gadon kakanni ne, kuma babu wadda ta raba gardamar. Karin magana tana ƙawata hujjar da aka riga aka kafa, ba ta iya zama a madadinta.

Aibi na uku shi ne rikita nazari da ba da labari. In aka ba ɗalibi Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, sau da yawa sai ya maimaita yadda Sarauniyar Lugu ta fuskanci rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ya ɗauka ya yi nazari. Nazari yana farawa ne daga inda aka tambayi abin da marubucin ya yi da labarin. Takardun sojan Faransa kaɗan suka faɗa game da Lugu. Mamani ne ya faɗaɗa al'amarin har Sarauniya ta zama jarumar ƙasa. Da waɗanne dabaru ya yi haka? Wa ya ba baki cikin littafin, wa ya hana? Me ya sa aka bukaci irin wannan jaruma shekara 20 bayan samun mulkin kai? Ɗalibin da ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi, ya amsa ta da shaida daga shafukan littafin, shi ne ya rubuta muƙalar nazari.

Waɗannan aibobi uku tushensu guda ne: ba a koyar da abin da ke haɗa da'awa da hujja. Masanin falsafa na Ingila Stephen Toulmin, cikin littafinsa na 1958 a kan amfani da hujja, ya rarrabe sassan gardama: akwai abin da mutum yake iƙirari, akwai shaidar da ya dogara a kanta, akwai kuma dalilin da ya sa wannan shaida ta isa ta ɗauki wannan iƙirari. Sashe na ukun nan shi ne gadar da ɗalibanmu suke tsallakewa. Suna ajiye da'awa a nan, misali a can, su bar mai karatu ya haɗa su da kansa. Malamin da ya saba rubuta tambaya guda a gefen takarda, wato ta yaya wannan ya tabbatar da wancan, ya fi wanda ya rubuta maki kawai amfani ga ɗalibi.

Ba sai an tafi Turai ba kafin a sami abin koyi. Cikin Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya kammala da Larabci a 1812, akwai wasiƙun da aka yi musaya tsakanin shugabannin jihadin Sakkwato da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno. Al-Kanemi ya kafa da'awarsa a fili: saɓo ba kafirci ba ne, don haka yaƙar Barno ba ta halatta ba. Ya kawo shaida cewa irin bidi'o'in da ake zargin Barnawa da su ana samun su a manyan biranen Musulunci kamar na Masar, kuma malaman can ba su ɗauki takobi a kan jama'arsu ba. Bello bai kauce wa maganar ba. Ya bi ta ɗaya bayan ɗaya, ya mai da nauyin gardamar a kan taimakon da sarakunan Barno suka ba sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu. Babu wanda ya rufe da cewa kowa yana da gaskiya, domin rayuka da sarauta ne a kan mizani. Ɗalibin Maraɗi, wanda Katsinawan da jihadi ya kora suka kafa masarautar garinsu, da na Damagaram, wadda ta daɗe ƙarƙashin Barno, ba za su karanta waɗannan wasiƙu da sanyin jiki ba. Wanda magana ta shafe shi, shi ke neman hujja da gaske.

Saura batun harshe. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, ya yi kira cikin littafinsa L'Éducation en Afrique na 1964 da a koyar da ƴaƴan Afirka cikin harsunansu. An buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka, wani zai ce da Faransanci ɗalibi zai rubuta jarrabawarsa, me zai sa a ɓata lokaci? Amsa ita ce, yaron da ke kokawa da nahawu da tunani a lokaci guda yakan saki tunanin ya riƙe nahawun. In aka bar shi ya fara gina gardamarsa da baki cikin harshen da yake mafarki da shi, abokansa suka yi masa raddi, ya gyara, to abin da ya rage masa shi ne aikin Faransanci kaɗai. Hujjar da ta tsaya da ƙafafunta a Hausa ba ta faɗuwa don an sauya mata riga.

Gaskiya ne ɗakunan karatu sun cika maƙil, malami guda ba zai iya gyara dogayen muƙaloli kowane mako ba. Amma sakin layi guda, mai da'awa ɗaya da shaida ɗaya da dalilin da ya haɗa su, ana iya karanta shi cikin ƴan mintoci, a mayar wa mai shi ya sake rubutawa. Sake rubutu shi ne darasin da tsarinmu ya fi sakaci da shi, domin takardar da aka ba maki ta mutu ke nan. Ƙungiyoyin al'adu ma suna da rawar takawa, ta hanyar shirya muhawara da Hausa inda alƙalai za su auna ƙarfin hujja kafin daɗin baki.

Waɗannan ɗalibai su ne alƙalai da ƴan jarida da malaman gobe. Alƙalin da aka horar ya ce kowa yana da gaskiya ba zai iya raba shari'ar gona ba. Ya ku ƴan'uwa malamai, a bar duwatsun murhun a inda suke, amma daga yau a riƙa buɗe tukunyar ana dubawa kafin a ba da maki.