Ƙidayar Ambato da Haɗin Gwiwa: Sharhi a kan Ma'aunin Aikin Manazarci

1. Gabatarwa

A wannan ƴar takarda za mu yi sharhi a kan wata al'ada da ke samun gindin zama a jami'o'inmu, wato auna darajar manazarci ta hanyar ƙirga sau nawa aka ambaci ayyukansa, da kuma mutum nawa ya yi rubutu tare da su. Batun ya shafe mu kai tsaye, domin kowane malami na Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa yana gabatar da ayyukansa ga kwamitocin CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a shekara ta 1968, kafin ya sami ƙarin girma. Haka kuma masu ba da kuɗin bincike daga waje sukan duba alƙaluma kafin su karanta takarda.

2. Asalin ma'aunin

Eugene Garfield ne ya kawo shawarar tattara ambato a mujallar Science a shekara ta 1955, kuma kundinsa na Science Citation Index ya fito a 1964. Manufarsa ta farko ita ce taimaka wa mai bincike ya bi sawun wani ra'ayi daga maƙala zuwa maƙala. Daga baya ne aka mayar da kundin sikeli. A 2005 Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fizika a Kaliforniya, ya ƙirƙiro ma'aunin h: idan malami yana da maƙala 10 waɗanda aka ambaci kowace aƙalla sau 10, to ma'auninsa 10 ne.

Dole mu yarda ma'aunin yana da amfani guda. A inda son kai da sanayya ke iya shiga cikin hukunci, lamba takan kare ƙaramin malami wanda ba shi da uba a gindin murhu. Amma wannan kariya tana tsayawa ne ga wanda aikinsa ya shiga kundin da ake ƙirgawa.

3. Abin da ƙidaya ba ta gani

Na farko, ma'aunin h yana danne mai rubuta littafi. Wanda ya wallafa littattafai 3 kacal, ko da an ambaci kowanne sau 500, ma'auninsa ba zai wuce 3 ba. A fannin tarihi da harshe kuwa littafi shi ne babban aiki. Nazarin André Salifou a kan daular Damagaram (1971) da na Djibo Hamani a kan Adar (1975) sun fito ne a jerin Études nigériennes na Yamai. Duk ɗalibin da ya rubuta kundi a kan waɗannan ƙasashe ya jingina da su, amma kundayen ɗalibai da ke jibge a ɗakunan karatunmu ba sa cikin abin da Web of Science ko Scopus ke ƙirgawa.

Na biyu, akwai matsalar harshe. Mafi yawan mujallun da waɗannan kundaye suka zaɓa na Ingilishi ne. Mai rubutu da Faransanci ya riga ya koma baya, mai rubutu da Hausa kuwa kamar bai zo kasuwar ba. Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini (1987) kayan aiki ne na malaman makaranta da masu fassara, kuma mai buɗe ƙamus ba ya rubuta cewa ya buɗe.

Na uku, ma'aunin tasirin mujalla yana duba ambato na shekara biyu ne kawai. Wannan ya dace da fannin da bincikensa ke tsufa da wuri, amma bayanin nahawu ko tarin tatsuniyoyi yakan yi shekara ashirin kafin a gane ƙimarsa.

Na huɗu, ambato ba yabo ba ne kullum. Akan ambaci maƙala don a ƙaryata ta, akan ambaci aboki don ya rama. Kuma tun 1968 Robert Merton ya nuna cewa wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara ambata. Ruwa dai inda ya saba gangara nan yake bi.

4. Haɗin gwiwa: sunan wa ke kan bango?

A nan ne tarihin nazarin Hausa yake da darasi. Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram wanda ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, shi ne ya ba J. F. Schön yawancin labaran da ke cikin Magana Hausa (1885), amma da sunan Schön ake ambatar littafin. Ƙamus na R. C. Abraham ya fito a 1949 da sunan Malam Mai Kano tare da nasa. Bugu na biyu na 1962, wanda aka fi ambata, da sunan Abraham kaɗai aka san shi. Injin ƙidaya ba zai taɓa gano waɗannan mutane ba, domin suna yake karantawa, ba ya tambayar wanda ya yi gumi.

Ta ɗaya gefen kuma, wata maƙala ta fizika da ta fito a 2015 tana ɗauke da marubuta fiye da 5000, kuma kowanensu yana samun ambaton cikakke. Saboda haka yawan abokan rubutu ba ya nuna wanda ya tsara tambayar bincike, da wanda aka aika ƙauye ya tattaro bayanai, ya fassara, sa'an nan aka sa sunansa a tsakiyar jeri ko a shafin godiya.

5. Kammalawa

Masana na waje ma sun ankara: sanarwar San Francisco ta 2012 da ƙa'idoji 10 na Leiden na 2015 sun nemi lamba ta zama mataimakiyar hukuncin masana, kada ta maye gurbinsa. A namu ɓangaren muna ba da shawara uku. Kwamiti ya nemi ɗan takara ya zaɓi ayyukansa 3 zuwa 5, a karanta su daga farko har ƙarshe. Kowace maƙala ta haɗin gwiwa ta fayyace aikin da kowa ya yi, har da masu ba da bayani da masu fassara. Sa'an nan sassanmu su sa mujallunsu da kundayen ɗalibai a intanet tare da taƙaitawa cikin Hausa da Faransanci, mu kuma riƙa ambatar abokan aikinmu na gida duk lokacin da muka amfana da su. Idan mu da kanmu muka tsallake su muka ambaci baƙo, ba mu da bakin zargin injin ƙidaya.