Ƙirga Buhu a Sito: Nazarin Tura Lissafi Zuwa Ma'ajiya a Injinan SQL

Mai sito ɗari da ke son sanin yawan buhunansa ba ya cewa a kwaso su zuwa ƙofar gida. Yana aika wa kowane mai tsaron sito ya ƙirga nasa ya kawo adadi. Abin mamaki, mahaɗai da yawa da masana manhaja ke rubutawa don haɗa injin SQL da wata ma'ajiyar bayanai, kwasowar suke yi. A tambayi COUNT kawai, sai mahaɗin ya jawo layi miliyan ta hanyar sadarwa, injin ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da lamba guda.

Injina irin Apache Drill, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2015, da Presto da aka fara a Facebook a 2012, ba su da rumbun kansu. Suna karanta bayanai ne a inda suke zaune, ko fayil ko wani rumbun bayanai, ta hanyar mahaɗi. Sabon mahaɗi abu ɗaya ya iya: karanto layuka. Bayan haka ne marubucinsa ke koya masa zaɓar ginshiƙan da ake buƙata kaɗai, sannan tace layuka tun daga tushe. Tura lissafin jimla, wato COUNT da SUM da MIN da MAX tare da GROUP BY, shi ke zuwa daga baya, kuma ba don kasala ba. PostgreSQL kansa sai a siga ta 10, a 2017, mahaɗinsa postgres_fdw ya fara tura irin wannan lissafi zuwa rumbu na nesa. Injin Spark ya buɗe wa masu mahaɗai ƙofar a siga ta 3.2, a 2021.

Dalilin jinkirin, a ganina, amana ce. Duk mahaɗin da ya karɓi lissafi ya yi alkawarin cewa amsarsa ba za ta bambanta ko da ɗigo da wadda injin zai bayar ba. Sauri kuwa ba shi da wuyar samu.

Ɗauki matsakaici. Aji ɗaya yana da ɗalibai 10, matsakaicin makinsu 80. Ɗayan yana da 40, matsakaicinsu 50. In kowane ɓangare ya turo matsakaicinsa aka haɗa aka raba biyu, za a sami 65. Amsar gaskiya 56 ce, domin jimlar maki 2,800 ce a kan mutum 50. Babu kuskuren da zai bayyana a allo, lambar za ta shiga rahoto kawai, wani ya yanke hukunci a kanta. Shi ya sa mahaɗin kirki ba ya tura matsakaici daga ɓangarori, yana tura jimla da adadi ne, injin ya yi rabon a ƙarshe. Jim Gray da abokan aikinsa sun kasa ire-iren lissafin gida uku tun a takardarsu ta 1996: lissafin da ake iya rabawa kai tsaye, kamar SUM da MAX; wanda ake ginawa daga 'yan lambobi kaɗan, kamar matsakaici; da wanda ba ya rabuwa sai an ga komai, kamar adadin tsakiya. COUNT DISTINCT na cikin na ukun. Sunan da ya fito a ɓangare biyu, sau biyu za a ƙirga shi in aka tara adadin ɓangarori. Akwai dabarar kintace irin HyperLogLog ta 2007, amma kintace sai mai tambaya ya yarda da shi.

Ƙananan tarkuna sun fi ba ni tsoro. COUNT na tauraro, wato COUNT(*), yana ƙirga kowane layi, COUNT na ginshiƙi yana tsallake gurbin da babu komai. SUM a kan layuka sifili yana ba da NULL, COUNT kuwa yana ba da sifili, don haka Calcite, wanda Drill ke tsara tambayoyinsa da shi, ya tanadi wani aiki na daban mai suna $SUM0 don tara adadin ɓangarori. Sai haruffa: a tsarinsa na asali MySQL ba ya bambanta babban harafi da ƙarami wajen kwatanta rubutu, to "Kano" da "kano" rukuni ɗaya ne a wurinsa, alhali wani injin yana ganin biyu. Tambaya ɗaya, amsa biyu, ya danganta da inda aka yi lissafin.

Wani lokacin ma ba sai an ƙirga ba. Fayil ɗin Parquet yana ajiye adadin layuka a ƙarshensa, sau da yawa har da mafi ƙanƙanta da mafi girma na kowane ginshiƙi, kuma Drill yana amsa COUNT daga nan ba tare da karanta bayanan ba. Amma da zarar tambayar ta zo da sharaɗin WHERE da bai sauka zuwa ma'ajiya ba, wannan adadi ya daina aiki. Dole tacewa ta riga lissafi sauka.

Abin da nake zargin al'adar masu mahaɗai da shi shi ne yadda ake gwaji. Mutum ya rubuta ƙa'idarsa ta tura lissafi, ya ga tambayar da ke cin minti biyar ta koma daƙiƙa biyu, ya rufe kwamfuta da murna. Kaɗan ne ke gudanar da tambayar sau biyu, da turawa da kuma babu turawa, a kan tebur marar komai, da mai gurabe, da mai haruffa gauraye, su kwatanta amsoshin. Injin Trino ya yi daidai da ya bar wa mahaɗi damar ƙin karɓa: aikin applyAggregation yana iya dawowa hannu rabbana, injin ya kwaso layukan ya yi lissafin da kansa, a hankali. Ni dai ina son ganin masu mahaɗai suna yawan amfani da wannan dama a duk inda ba su gwada daidaiton amsa ba.