Mutanen da Ke Jin Maganar Dutse

Lokacin da layin dogo na kamfanin Union Pacific ya ratsa yankin Wayomin da ke yammacin Amurka a 1868, fili ya tarar fetal, ga iska ga sanyi, babu itacen kirki. Jirgin ƙasa na wancan zamani kuwa sai da wuta yake motsi. Aka yi dace kwal yana kwance a ƙarƙashin hanyar. A shekarar aka fara haƙa a Carbon da Rock Springs, gari ya tsiro a bakin kowane rami. Ana yawan tuna ranar 10 ga Mayu 1869, da aka haɗa layin gabas da na yamma a Promontory, amma ni wanda ya fi burge ni shi ne mutumin da ke can ƙasa, da diga a hannu da 'yar fitilar mai a goshin hula.

Mutane suna ɗauka aikin ƙarfi ne kawai. Ina! Kowane mahaƙi da ɗakinsa a cikin ramin, shi da abokin aiki guda, sau da yawa ɗansa ko ƙanensa. Tsakanin ɗaki da ɗaki ana barin ginshiƙin kwal ya riƙe sama. Shugaban aiki leƙowa kawai yake yi ya wuce, duk wata shawara tana wuyan mai ɗakin.

Farkon aiki, sai ya kwanta a gefe guda ya riƙa sarar gindin bangon kwal da diga, har ya yi masa rami siriri mai zurfin kusan mita ɗaya. Awa biyu ko uku yana kwance, kansa da kafaɗarsa a ƙarƙashin nauyin da zai iya murƙushe shi, yana cusa guntayen itace suna tokare bangon. Hikimar ita ce a ba kwal inda zai faɗa. Daga nan ya huda bangon da dogon ƙarfe, ya naɗe albarushi a takarda ya tura ciki, ya zura siririn tsinke, ya toshe bakin da ɗanyen yumɓu. In ya zare tsinken, ya bar 'yar kafar da wuta za ta bi. Ya kunna, ya yi kururuwa, kowa ya ruga.

Awon albarushin nan ma ilimi ne. In ya yi kaɗan, an yi asara, don da kuɗinsa ya saya. In ya yi yawa, kwal ya zama gari, rufi ya girgiza, ƙura ta tashi, ita kuwa ƙurar kwal tana kama wuta. Gwani bangonsa zubowa yake yi manya-manya, a loda a keken da alfadari ke ja, a rataya masa 'yar lambar tagulla domin a san na wane ne a wurin awo.

Amma inda na fi sara musu shi ne sha'anin rufi. Kafin mahaƙi ya taɓa komai, sai ya ɗora yatsun hannu ɗaya a jikin dutsen da ke samansa, ya buga da ƙotar diga. Dutse mai lafiya ƙara yake yi tsaf. Wanda ya rabu da na samansa sai ya amsa da wata murya mai kama da ganga, yatsu kuma su ji yana rawa. Duk wadda ta taɓa ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa don ta gane mai tsaga ta san wannan kunne. Da mahaƙi ya ji haka, ko ya ɓamɓaro dutsen da ƙarfe tun bai faɗo da kansa ba, ko ya kafa gungume ya danna masa katako a ka. Gungumen ma magana yake yi: in nauyi ya fara sauka sai ya soma ƙara yana tsagewa, mai hankali ya bar shebur ya fita.

Ga abin takaici: a wancan zamani da tan ake biya, kuma a ramuka da yawa kafa gungume ba ya cikin lissafi. Wato duk mintin da mutum ya ɓata yana kare ransa, daga abincin iyalinsa ya cire. Wanda ya iya daidaita waɗannan biyun shekara da shekaru, ya cancanci a kira shi gwani.

Fashewar ramin Hanna a 1903 ta kashe mutum 169, ta Scofield a Yuta a 1900 ta ci kimanin 200, jaridu suka ɗauka. Sai dai ruftawar rufi, mai ɗaukar mutum ɗaya yau biyu gobe, ta fi fashewa cin rayuka a ramukan kwal na Amurka. Garin Carbon ya watse bayan an rufe ramukansa a 1902, injuna kuma sun karɓe sara da lodi, amma har yau ana koya wa sabon ma'aikacin rami yadda zai buga rufi ya saurara.