Wane harshen Silabik ne ya fi sauƙi? Tambayi wanda ya riƙe ma'aunin

Idan ka taɓa neman gurbin karatu a Rasha, Polan ko Bulgeriya, da wuya ba ka ci karo da bidiyon YouTube mai jera harsunan Silabik daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya ba. Galibi sai su ɗora harshen Bulgeriya a sahun sauƙi, su kai na Polan can ƙarshe. Kafin ka zaɓi ƙasar da za ka yi shekara shida kana karatun likitanci bisa irin wannan jeri, tsaya mu duba ma'aunin da aka auna da shi.

Da farko, harsunan Silabik dangi ne mai rassa uku. Na gabas akwai Rashanci da harsunan Yukren da Belarus. Na yamma akwai na Polan, Cek da Sulobakiya. Na kudu kuma akwai na Bulgeriya, Masedoniya, Sabiya, Kuroshiya da Sulobeniya.

Alƙaluman da aka fi kafa hujja da su na makarantar horar da jami'an diflomasiyya ce ta Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka. Ta ce Faransanci da Sifaniyanci kan ci mako 24 zuwa 30, Larabci mako 88, su kuwa harsunan Silabik da ke jerinta duk kwando ɗaya ta zuba su: mako 44. Ka ga ke nan ita kanta ba ta ce na Bulgeriya ya fi na Polan sauƙi ba. Sannan wa aka auna? Baligin da Turanci ne harshensa na gida, wanda ba shi da wani aiki sai koyon. Kai da ka tashi da Hausa, ka bi ta Islamiyya, ba daga inda ya taso ka taso ba.

Babban abin da masu jerin suke ƙirgawa shi ne yadda ƙarshen suna ke sauyawa gwargwadon aikinsa a jimla. A Rashanci littafi shi ne kniga, amma idan shi ake karantawa sai ya koma knigu, idan da shi aka yi wani abu kuma knigoy. Irin waɗannan halaye shida ne a Rashanci, bakwai a harsunan Polan, Cek da Yukren. Bulgeriya da Masedoniya sun zubar da kusan duk nasu, shi ya sa ake ce musu masu sauƙi. Bature kan gigice a nan domin harshensa ba ya yin haka ga sunaye. Amma wanda ya zauna gaban malamin nahawu ya ji kitabun, kitaban, kitabin ya san wannan li'irabi ne. Haddar tana nan daram, sai dai tunanin ba baƙo ba ne. Haka nan siffar abu biyu ta harshen Sulobeniya, wadda ake tsorata mutane da ita: knjiga littafi ɗaya, knjigi biyu, knjige uku ko huɗu. Musanna ce irin ta Larabci.

To, shi na Bulgeriyar da gaske sauƙi ne da shi? Kowane allazi da nasa amanu. Nauyin da ya sauke daga suna, kan aikatau ya ɗora shi. Yana da lokutan aikatau fiye da Rashanci nesa ba kusa ba, har da siffa ta musamman ta labarin da mutum bai gani da idonsa ba. Abin da mu muke yi da kalma ɗaya, "wai", su a jikin aikatau suke yin sa. Amma akwai inda Bahaushe zai ji kamar a gida: kniga littafi, knigata littafin. Alamar sanannen abu a ƙarshen kalma take maƙalewa, kamar dai yadda muke cewa littafin, rigar.

Ga kuma abin da jerin ba su cika ba shi muhimmanci ba, alhali shi zai fi ba ka wuya: cunkoson baƙaƙe. Hausa ba ta son baƙi biyu a farkon kalma, shi ya sa muke cusa wasali mu ce burki, fursuna. A harshen Cek kuwa yatsa prst ne, wuya krk, kerkeci vlk, babu wasali ko ɗaya a rubuce. A Rashanci kuma nauyin murya ba shi da mazauni, ba a kuma rubuta shi: muka da nauyi a gaɓar farko azaba ce, a ta biyu gari ne na burodi. Kunnen da ya saba rarrabe fara ta ci da fara aiki ya san murya na sauya ma'ana, amma dole ka haddace wurin nauyin kowace kalma. Cek ta hutar da kai, kullum a gaɓar farko yake. Polan kuma galibi a ta biyun ƙarshe.

Rubutun Siriliki fa? Shi ne ya fi ba mutane tsoro, shi ne kuma mafi ƙanƙantar matsala. Haruffa 33 ne a Rashanci, 30 a harshen Sabiya, inda gyaran Vuk Karadžić na ƙarni na 19 ya ba kowane sauti harafinsa. Wanda ya iya boko da ajami ba zai daɗe a nan ba.

Aibin waɗannan jeri shi ne sun ɗauki nisan harshe daga Turanci sun mai da shi halin harshen kansa. Kuma sun manta da abin da ba nahawu ba: littattafai, malamai, finafinai da abokan hira. Ta wannan fuska Rashanci, duk da halayensa shida, ya fi na Masedoniya mai masu magana 'yan miliyoyi kaɗan sauƙin samu.

Saboda haka, mai karatu, zaɓi jami'a da ƙasa bisa ingancin karatu, kuɗin makaranta da zaman lafiya. Ɗalibanmu da yaƙin 2022 ya koro daga Yukren sun san nauyin na ƙarshen nan. Harshen kuwa, kowanne ka ɗauka, ware masa shekara guda ta aiki tuƙuru, ka fara da horar da bakinka kan baƙaƙen nan tun kafin ka hau jirgi. Majinyacin da zai gaya maka inda ke masa ciwo a asibitin Sofiya ko Kazan ba zai jira ka duba ƙamus ba.